Yadda ƙungiyoyin masu lambu ke riƙe matasa a gida lokacin rani a Kunci

A yawancin ƙauyukan arewacin Jihar Kano, damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Da an yi girbin gero da dawa da gyaɗa, sai matasa su ɗaura jaka su nufi Kano ko Abuja ko Legas ci-rani. Sai dai a Ƙaramar Hukumar Kunci, wadda aka sauya wa suna zuwa Ghari a shekarun baya-bayan nan, akwai waɗanda aikinsu ke somawa a daidai wannan lokaci. Su ne masu lambu, musamman waɗanda ke noma a kewayen madatsar ruwa ta Gari da fadamun da ke kusa da ita.

Lambu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai gonar damina yana iya shuka ya jira ikon Allah, amma mai lambu sai ya nemo ruwa da kansa, ya kare shukarsa daga dabbobi, sannan ya sayar da kayan da ba sa jure kwana uku a kwando. Wannan ne ya sa masu sana'ar ke haɗa kai a ƙungiyance, wasu da rajista da hatimi, wasu kuwa maƙwabtakar fili ce kawai ta haɗa su.

Daga jigo zuwa inji

Haɗin kan manoma ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan hukumomin noma akwai aikin gayya, akwai adashe, akwai kuma Sarkin Noma da ake kai wa ƙara. A da, da jigo ake ɗebo ruwa daga rijiya ko kududdufi a zuba a fangali, shi ya sa lambu bai cika girma ba.

Abubuwa sun sauya ne bayan da gwamnatin Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ta buɗe babin gina madatsun ruwa a faɗin jihar. Daga baya hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin fadama. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda ya soma a farkon shekarun 1990, shi ya ƙara ƙarfafa tsarin ƙungiya, domin ta hannun ƙungiyoyi yake ba da tallafi. A Jamhuriyar Nijar ma, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta rungumi noman rani a matsayin garkuwa daga yunwa.

Abin da ƙungiya ke yi

Aiki na farko shi ne renon iri. Tun damina na jan jiki ake yafa irin tumatir da attaruhu da tattasai da albasa. Tumatir kan yi mako uku zuwa huɗu kafin ya isa dashe, kuma ranar dashe rana ce ta gayya: yau a gama na wane, gobe a koma na wane. Wanda irinsa ya ƙone kuwa ba kasafai yake rasa mai sam masa ba.

Na biyu shi ne rabon ruwa, kuma a nan ake gane ƙungiyar da ta tsaya da ƙafarta. Idan mutum biyar ko goma na amfani da inji ɗaya ko magudana ɗaya, dole a san ranar kowa. Wanda filinsa ke kusa da ruwa yana iya ƙoshi, na can ƙarshe ya tarar da laka. Shugaban da ya iya raba ruwa ba tare da fifita ɗan'uwa ko suruki ba, shi ne ake sauraron maganarsa a sauran lamura.

Sai batun shinge da gadi. Lokacin rani, lambu ne kaɗai kore a duk yankin, kuma bakin ruwan da mai lambu ke so shi ne mashayar shanu. Inda dattawan ƙungiya suka zauna da mai unguwa da arɗo tun da wuri aka bar burtali a buɗe, ɓarna takan ragu, idan ma ta auku a sasanta ba tare da an je gaban alƙali ba.

Mata ma suna da nasu kason, ko da ba su fita fadama ba. Su ke yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa idan kasuwa ta cika, su ke busar da kuɓewa da barkono, su ke kula da zogale da yakuwa a bayan ɗaki. Sau da yawa kuɗin adashensu ne ke sayen taki ko fetur idan maigida ya shiga matsi.

Inda gizo ke saƙa

Babbar matsalar masu lambu a yau ita ce tsadar ban ruwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da inji ya ninka, har wasu suka rage girman fili. Injin mai aiki da hasken rana yana sauƙaƙa wannan, amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai. Sai dai a yi karo-karo.

Ga kuma kwari. Manoman Kano ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir har farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a faɗin Najeriya. Irin wannan tsutsa ba ta san iyakar gona ba. Idan mutum ɗaya ya yi feshi maƙwabcinsa bai yi ba, duka biyun ne za su yi asara.

Kasuwa ita ce ta uku. Kusan kowa lokaci ɗaya yake dashe, saboda haka lokaci ɗaya kaya ke nuna, tsakanin Janairu da Maris, farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya tsaya shi kaɗai da kwando biyar, abin da dillali ya faɗa shi zai karɓa. Waɗanda suka haɗa kaya suka cika mota ɗaya zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano suna da bakin ciniki, kuma kuɗin mota ya rabu a kansu.

Ƙungiyar gaske da ta takarda

Ba kowace ƙungiya ce ke cin sunanta ba. Akwai waɗanda ake kafawa dare ɗaya idan an ji ƙishin-ƙishin ɗin rabon taki ko inji, a tara sunayen da wasu ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Da an gama rabo, sai a neme su a rasa. Irin waɗannan su ke sa manoman gaskiya ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da takardar rajista.

Waɗanda ke ɗorewa suna da alamomi da ba su da wuyar ganewa: 'ya'yansu maƙwabtan fili ne, suna zama a kai a kai, ma'aji yana karanta lissafi a gaban kowa, kuma ana taimakon wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi ban ruwa. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga matashin Shuwaki ko 'Yandadi ko Gwarmai, lissafin a fili yake. Idan ya samu fangali da ranar ruwa da abokan da zai haɗa mota da su, zai iya yin rani a gaban iyayensa da iyalinsa. Idan ya rasa waɗannan, motar Kudu tana jira a tasha.