Kuloci Mai Aiki da Man Birki: Gano Matsala da Gyaranta

Kuloci shi ne ke raba injin da giyabos na ɗan lokaci domin direba ya samu ya sauya giya. A wasu motoci waya ce ke kai masa ƙarfin ƙafar direba, a wasu kuwa man birki ne. Idan aka taka feda, sanda takan tura fistin a cikin silindar da makanikai ke kira kulocin sama. Man ya bi bututu da tiyo zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura ƙarfen da ke sassauta matsi a kan faifan kuloci. Ginshiƙin aikin abu ɗaya ne: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa.

Saboda haka bincike yakan fara ne daga ɗan tulun mai da ke ƙarƙashin bonet, kafin a ɗauki sifana. In man ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Sai a leƙa saman feda daga cikin mota: danshi a jikin sandar, ko jiƙewar kafet, alama ce cewa robar kulocin sama ta mutu. A ɗaga robar da ke rufe bakin kulocin ƙasa ma. In mai ya zubo, an kama ɓarawon. A wasu motoci tulu ɗaya ne ke shayar da birki da kuloci, don haka raguwar man ba abin wasa ba ce.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne yoyon ciki. Tulu a cike, ko'ina a bushe, amma giya ta ƙi shiga, musamman ta ɗaya da ribas. Gwajinsa ba wuya. A ja birkin hannu, a tayar da injin, a taka feda, a sa giya, a ci gaba da riƙewa. In bayan ɗan lokaci mota ta fara yunƙurin tafiya alhali ƙafa ba ta motsa ba, man na zillewa ta gefen robar fistin yana komawa tulu. Kulocin sama ne ya gaji. Ana iya sauya robobinsa, sai dai in cikin silindar ya ƙarje ko ya yi tsatsa, sabuwar roba ba ta daɗewa; sauya shi ɗungurungum ya fi.

Feda mai laushi, wadda sai an buga ta sau da yawa take kamawa, iska ce ta shiga. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya buga feda ya danne, ɗayan ya sassauta ɗan notin da ke jikin kulocin ƙasa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure kafin na ciki ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi ta yi har kumfa ta ƙare, ana ƙara mai kada tulu ya bushe.

Man da ya dace a rubuce yake a murfin tulu, galibi DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, DOT 4 kuwa 230, amma dukansu suna shan danshin iska, shi ya sa kamfanoni da yawa ke son a sauya shi duk shekara 2. Yana cin fenti. Baƙin mai ko man giya kuwa kumbura robobi yake yi, ko kaɗan kada ya shiga.

In injin yana ƙara gudu mota ba ta ja, galibi faifan ne ya cinye. Wannan, da lalacewar kulocin ƙasa a motocin da yake cikin giyabos, su ne ke tilasta a sauke giyabos.