Yawon jirgin ruwa daga Treichville zuwa Grand-Bassam: Darasi ga 'yan kasuwar kan iyaka

Daga wakilinmu a Abijan

Duk ranar Asabar da Lahadi, ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa kan cika tafkin Ebrié, wanda mutanen Abijan ke kira lagin, suna kai masu hutu tsibirin Boulay da sauran wuraren shan iska. Jefi-jefi kuma manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido masu zagaya gaɓar Afirka ta Yamma kan yada zango a tashar Abijan, a kwashi fasinjojin a mota zuwa Grand-Bassam, su ɗauki hotunan tsofaffin gine-ginen Turawa, su koma jirginsu kafin dare. Bahaushen Adjamé ko na Treichville yakan ɗauki wannan yawo a matsayin harkar Nasara da masu hannu da shuni. Amma abin da baƙin ke biyan kuɗi don su gani tsohuwar kasuwa ce da hanya ta guje wa, don haka ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar ya je ya gane wa idonsa.

Yadda ruwan yake

Tafkin Ebrié ya miƙe fiye da kilomita 100 a bayan teku, rairayi ne kawai ya raba su. Daga gabas ya tsaya a Grand-Bassam, inda kogin Comoé ke gangarowa. An haƙa mashigin Assinie ya haɗa shi da tafkin Aby da ke kan iyakar Gana, daga yamma kuma mashigin Asagny ya haɗa shi da ruwan Grand-Lahou. Kafin a shimfiɗa kwalta, ta waɗannan ruwaye ake jigilar katako da manja da kifi.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya ɗanɗana wannan yawo. Jiragen fasinja na kamfanin SOTRA, waɗanda ake kira bato-bis, suna zirga-zirga tsakanin Treichville da Plateau da Abobo-Doumé, kuma tun daga 2017 kamfanonin STL da CITRANS suka shigo harkar. Ga kuma kwalekwale masu inji da ake ce wa pinas. Daga cikin jirgi mutum zai hango dogayen benayen Plateau a gefe guda, ga manyan jiragen dakon kaya jere a tasha a ɗaya gefen. Da yawa daga kayan da ake kasawa a Forum na Adjamé ta nan suke shigowa.

Wanda ke son tsibirai na sosai sai ya nufi Adiaké, ya shiga kwalekwale zuwa tsibiran Ehotilé guda 6 da ke cikin tafkin Aby. Gwamnati ta mayar da su gandun da aka killace a 1974, kuma akwai ɗaya daga cikinsu da jemagu suka mamaye bishiyoyinsa. Ga 'yan'uwanmu masu ciniki a Noé da Elubo, wannan wuri a bayan gida yake.

Tashi da faɗuwar Bassam

Grand-Bassam na da nisan kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, kuma motocinsa na tashi daga tashar Bassam a Treichville. Faransawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan wurin a 1842, suka gina sansani a 1843. Da aka kafa mulkin mallakar Kodebuwa a 1893, Bassam ce ta zama hedikwata ta farko, Louis-Gustave Binger kuma gwamna na farko. Wannan Binger, a tafiyar da ya yi daga Bamako zuwa teku tsakanin 1887 da 1889, ya ratsa Salaga da Bondoukou, inda ya tarar da fataken Hausawa sun daɗe suna cinikin goro. Ita kanta unguwar Treichville sunan Marcel Treich-Laplène ta ci, Bafaranshen da ya rasu a Bassam a 1890.

Annobar shawara ta 1899 ta kashe Turawa da yawa, aka kwashe ofisoshin mulki zuwa Bingerville. Duk da haka ciniki bai tashi ba, domin a Bassam ne ake da doguwar gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku, inda ake lodi da sauke kaya. Manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda ƙarfin igiyar ruwa, sai su tsaya can nesa, ƙananan kwalekwale su riƙa kai da kawowa. Kamfanoni irin su CFAO da 'yan kasuwar Siriya da Labanan suka gina benaye, kanti a ƙasa, ɗakin kwana a sama.

Abin da shawara ta kasa yi, sauyin hanya ya yi shi. Jirgin ƙasa da aka fara shimfiɗa wa layi a 1904 daga Abijan ya tashi, ya isa Bouaké a 1912. A 1931 aka buɗe sabuwar gadar lodi a Port-Bouët, a 1934 Abijan ta zama hedikwata. Sannan a 1950 aka fasa mashigin Vridi mai tsawon kilomita 2.7, teku ta haɗu da tafki, manyan jirage suka fara shigowa har gindin Treichville, aka buɗe tashar Abijan a 1951. A wannan shekara aka kashe fitilar hasumiyar Bassam da ke nuna wa jirage hanya, don ba sauran jirgin da zai nema. Masu kanti suka bi kaya zuwa Abijan, suka bar benayensu ga ruwan sama da gishirin teku.

A yau gidan gwamna ya zama gidan tarihin tufafin gargajiya. Ana kuma nuna wa baƙo Gadar Nasara, wadda ke tuna matan da suka tako daga Abijan a Disambar 1949 don neman a saki shugabannin jam'iyyar PDCI-RDA da Faransawa suka tsare a kurkukun garin. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2012, sahu ɗaya da tsibirin Gorée na Senegal da ganuwar Elmina ta Gana.

Cinikin baƙi ma yana da ranarsa

Hausawa na da hannu dumu-dumu a wannan sabon ciniki. Shekaru da dama ke nan dillalan Hausawa a Treichville da Plateau suna cikin manyan masu sayar wa Turawa sassaƙe-sassaƙe da duwatsun ado da jakunkunan fata da takalma. Ana samun irin wannan kaya a cibiyar CAVA ta Abijan da rumfunan masu sana'ar hannu da ke bakin hanyar shiga Bassam. Lokacin bikin Abissa na kabilar N'zima, wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, garin kan cika maƙil, mai tsire da mai shayi kowa ya samu rabonsa.

Sai dai cinikin da ya dogara ga baƙo ba shi da tabbas. Ranar 13 ga Maris 2016 'yan bindiga suka buɗe wuta a bakin tekun Bassam, suka kashe mutum 19, otal-otal da rumfuna suka yi watanni ba ciniki. A 2020 kuma annobar korona ta tsayar da zuwan baƙi baki ɗaya.

Abin lura ga na kan iyaka

Mai karatu da ke da rumfa a Noé ko Gaya ko Jibiya ko Illela ya san irin wannan labari. Rikicin da ya ɓarke a Kodebuwa a Satumbar 2002 ya raba ƙasar biyu, kayan Mali da Burkina da Nijar suka karkata zuwa tashoshin Tema da Lome da Kwatano. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Kodebuwa ta rufe nata a Maris 2020, ba ta buɗe ba sai Fabrairun 2023. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville da Gaya, manyan motoci suka koma bi ta Togo da Burkina. Ga kuma shirin babbar hanyar Abijan zuwa Legas mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda in ta tabbata za ta raya wasu garuruwa, ta kauce wa wasu.

Bambancin kawai shi ne, Bassam ta samu kusan shekara 20 na gargaɗi tsakanin gadar Port-Bouët da mashigin Vridi, alhali iyaka a dare ɗaya ake rufe ta. Wanda ya zuba duk jarinsa a bulo da siminti a bakin iyaka guda, ba shi da abokin ciniki ko ma'aji a wata hanya, to ya dubi benayen Bassam da kyau. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ga mai niyyar zuwa

Ka yi ciniki da mai kwalekwale kan kuɗin zuwa da dawowa tun kafin ka sa ƙafa, kuma kada ka shiga jirgin da aka cika fiye da kima ko wanda ba rigar kariya. Ka riƙe takardunka na shaida, musamman a yankin Adiaké da ke dab da iyaka. Tsibiran Ehotilé suna hannun hukumar gandun daji ta OIPR, sai da izni da ɗan jagora ake shiga. Uwa-uba, tekun Bassam ba tafkin ƙauye ba ne, igiyarta na janye har gwanayen iyo, saboda haka a hana yara shiga. Rana guda ta isa a je a dawo, kuma tafiya, in ji masu iya magana, mabuɗin ilimi ce.