Abin Lura Kafin Sayen Tsohuwar Na'urar Faifai Mai Juyi Kai-tsaye da Kuɗi Kaɗan

Faifan garmaho, wanda kaset da CD suka ture gefe tun ƙarshen ƙarnin da ya gabata, ya sake samun kasuwa, har ta kai a shekarar 2022 adadin faya-fayen da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, abin da bai faru ba tun 1987. Wannan farin jini ya ɗaga farashin tsofaffin na'urorin kunna faifai, ya kuma fito da waɗanda suka daɗe a jibge cikin ƙura zuwa kasuwar kayan gwanjo, masu lafiya da marasa lafiya a haɗe. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son sauraron faya-fayen da ya gada ko ya tara shi ne ya fi shiga haɗari, domin na'ura mai shekara 40 ko fiye tana iya yin kyau a ido alhali gyaranta zai ci kuɗin da ya ninka na sayenta.

Na'urorin sun kasu ne bisa yadda injin lantarkinsu ke juya faranti, wato ƙarfen da ake ɗora faifai a kansa. A wasu, bel na roba ne ke haɗa injin da farantin, a wasu kuma ƙaramar taya ce ta roba, kuma a dukansu roba tana bushewa ko ta saki da tsufa. A nau'i na uku, wanda ake kira mai juyi kai-tsaye, farantin yana zaune ne a kan sandar injin kansa, injin kuma yana juyawa a hankali daidai da gudun faifai, zagaye 33⅓ ko 45 a minti. Kamfanin Matsushita na Japan ne ya fara fito da shi kasuwa a 1970 da samfurin Technics SP-10, sannan SL-1200 ya biyo baya a 1972, kafin Pioneer, Sony, Denon, JVC da Kenwood su cika kasuwa da nasu. Rashin bel ya rage abin da ke lalacewa, amma ya ɗora nauyin daidaita gudu a kan kayan lantarkin da ke ciki, kuma nan ne tsufa ke ɓoye illarsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin suna. Technics SL-1200MK2, wanda ya fito a 1979, ya yi fice a hannun masu kiɗan DJ a gidajen rawa, shi ya sa yake da tsada, kuma da yawa daga waɗanda ake sayarwa sun sha wahalar aiki da yawon biki. Wanda zai saurari faifai a ɗakinsa ba ya bukatar wannan ƙarfi. Samfuran gida na tsakanin 1975 da farkon shekarun 1980, irin su Technics SL-1800, SL-D2 da SL-Q2, ko Pioneer PL-518, suna biyan bukata a farashin da bai kai na SL-1200 ba. A cikinsu akwai masu daidaita gudu da ƙananan maɓallai biyu da ake murzawa, akwai kuma masu amfani da ƙwayar kwaz, wato irin dutsen da ke daidaita agogon hannu, wanda ke kulle gudun ba tare da an taɓa komai ba. Ya fi dacewa a zaɓi wadda ake ɗora hannun allura da kai, ko wadda iyakar aikinta ta mayar da hannun idan faifai ya ƙare, domin masu yin komai da kansu suna ɗauke da haƙoran roba da giris da ke daskarewa, kuma kayan gyaransu sun yi wuya.

Gwaji na farko shi ne na gudu. A gefen faranti akwai jerin ɗigo-ɗigo da wata ƙaramar fitila ke haskawa, kuma idan gudun ya yi daidai ɗigon layin da ya dace zai zama kamar a tsaye yake. Ya kamata a bar na'urar tana juyawa na aƙalla minti 20 a kowane gudu, saboda wasu matsalolin ba sa bayyana sai kayan ciki sun ɗumama. Idan ɗigon yana tsalle ne kawai lokacin da aka taɓa maɓallin daidaitawa, yawanci datti ne, kuma wankewa da maganin feshin lantarki tana magance shi. Idan kuwa yana gaba yana baya ba a taɓa komai ba, ko farantin ya kwasa da gudu, matsalar tana iya zama ta kafasitocin da suka bushe ko ta ƙwaƙwalwar injin da aka daina ƙerawa, kuma barin irin wannan ya fi alheri. A na'urorin Denon da wasu na Sony akwai siririn fentin maganaɗisu a cikin bakin faranti wanda na'urar ke auna gudu da shi, kuma idan ya karce babu gyara sai an sami wani farantin. Haka nan ba a kunna irin su SL-1200 ba tare da faranti ba, domin wani sashe na injin yana manne a jikinsa.

Gwaji na biyu shi ne na hannun da ke ɗauke da allura. A riƙe shi a girgiza a hankali, idan an ji yana ƙas-ƙas to borisansa sun saki ko sun fashe. A daidaita dunƙulen ƙarfen da ke bayansa har hannun ya tsaya a iska, sannan a hura shi. Mai lafiya zai tafi sumul ba tare da cijewa ba. Dole a tabbatar wannan dunƙule yana nan, tare da mariƙin allura da tabarmar roba, domin sayen su ɗaya bayan ɗaya yana da tsada. Daga nan a sa faifai a saurari lasifikar hagu da ta dama, a kuma kasa kunne ko akwai gurnani.

Wutar lantarki ita ce ta fi kashe waɗannan na'urori a ƙasashen da ake shigo da su. Wadda aka ƙera don kasuwar Japan tana aiki da bolt 100, ta Amurka da 120, alhali wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240, don haka jona ta kai-tsaye yana ƙona taransifomarta nan take. A karanta rubutun da ke bayan na'ura ko ƙarƙashin faranti kafin a jona, a nemi maɓallin sauya bolt, idan babu shi kuma a tanadi taransifomar rage wuta. Inda ake amfani da janareto, sitabilaiza ma ta zama dole.

Kuɗin na'ura ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Allura tana cinyewa bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki, kuma cinyayyar allura tana yanke layin faifai ta yadda ba zai dawo ba, saboda haka sabuwa ake sawa kafin a ɗora faifai mai daraja. Yawancin allurai suna son nauyin giram 1.5 zuwa 2.5, kuma ƙaramin sikeli yana tabbatar da hakan. Tsofaffin faya-faye masu gudun 78 suna bukatar allura mai kauri da na'ura mai wannan gudun, wanda yawancin samfuran da aka ambata ba su da shi. Sannan sautin da ke fitowa daga allura yana da rauni ƙwarai, sai an bi da shi ta amfilifaya mai ramin da aka rubuta wa Phono, ko ta ƙaramin akwati mai wannan aiki, a kuma ɗaura siririyar wayar ƙasa don kashe gurnani.

Sayen na'ura daga hoto kawai cinikin biri ne a sama, kuma idan har dole a aiko ta, a cire faranti da dunƙulen ƙarfe a naɗe su daban, a ɗaure hannun. A gida kuma a ajiye ta a shimfiɗe daidai, nesa da rana da lasifika, a rufe ta saboda ƙurar hunturu. Mai kuɗi kaɗan ya ware kason allura, amfilifaya da taransifoma tun kafin ya shiga kasuwa, ya tafi da faifan gwaji, kuma kada ya biya ko sisi sai ya ga ɗigon ya tsaya, ya ji sauti ta ɓangarorin biyu.