Sha'ir: ɗanyar ciyawa a cikin garka

Idan damina ta wuce, ciyawar daji takan bushe, bisashe su fara ramewa, harawa kuma ta yi tsada. Mu da muke da garka muna iya ware fangali biyu ko uku mu shuka sha'ir saboda tumaki da awaki.

Sha'ir ɗan'uwan alkama ne. Manoman Azbin suna noma shi tare da alkama a garakensu lokacin ɗari. Ya fi alkama jure ƙarancin ruwa da ƙasa mai gishiri, amma ba ya son zafi. Don haka sai mu shuka shi daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya jinkirta har Fabrairu ya yi asarar irinsa, domin zafin bazara zai tarar da shi yana ƙarami.

Iri ba ya samuwa a kowace kasuwa, sai mu tambayi malamin gona. Kafin shuka mu gwada shi: mu naɗe ƙwaya 10 cikin jiƙaƙƙen tsumma. Bayan kwana 5, in waɗanda suka tsira ba su kai 8 ba, mu ƙara yawan irin da za mu zuba.

Mu kafce fangali, mu sa ruɓaɓɓen taki. Mu ja layuka, tsakaninsu santimita 20, zurfinsu santimita 3 zuwa 4. Kilo 1 ya isa fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Cikin mako guda zai fito. Ban ruwa ya zama daidai, kada ruwa ya kwanta, domin saiwarsa ba ta son taɓo.

Wajen kwana 45 zuwa 50 sai yanka. Mu bar tushe kamar yatsa huɗu, mu sake ban ruwa. In ɗari bai wuce ba zai sake tofo. Kada kwaɗayin yawa ya sa mu jira zangarniya ta bushe, domin ƙaiƙayinta yana sukar bakin bisa.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Tunkiyar da ta saba da busasshen kara, in ta cika ciki da ɗanyar ciyawa rana ɗaya, tana iya kumburi ko zawo. Mu bar ciyawar ta sha iska tukuna. Mu fara ba ta kara ko harawa, sa'an nan tafi ɗaya na sha'ir, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako guda. Irin da aka sa wa maganin ƙwari kuwa na shuka ne kawai. Mu ɓoye ragowarsa nesa da yara da kaji.