Mai Zarton Inji

Wanda ya shiga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ya shafa falankan da ke jibge, zai iya bambance wanda ya fito daga masana'anta da wanda aka tsaga a daji. Na daji yana ɗauke da sawun haƙoran sarƙa a fuskarsa, kaurinsa kuma ba ya tafiya daidai daga wannan kai zuwa wancan. Aikin mai zarton inji ke nan, mutumin da 'yan kasuwa suka fi kira ofareta. Kafinta bai san fuskarsa ba, mai gini ma haka, amma tu-bai-fo ɗin da ke riƙe da rufin gidaje da yawa daga hannunsa ya fito. A cikin gari kuwa ba a tuna shi sai damina ta faɗi, iska ta kwantar da darbejiya a kan katanga, kowa ya hau cigiyar mai inji.

Kafin zuwan injin, mutum biyu ke jan dogon zarto, ɗaya a bisa gungume ɗaya a cikin rami, garin katako na zuba masa a ka. Injin daga Jamus ya taso. A 1926 Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart, a 1927 kuma Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya fito da mai shan fetur. Na farkon nan sai mutum biyu suke iya ɗauka. Irin wanda mutum ɗaya ke riƙewa bai yaɗu ba sai a shekarun 1950. Haƙorin sarƙar da ake amfani da shi har yau kuwa wani ma'aikacin daji ne a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya tsara shi bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke gaigayar kututture, ya fara sayarwa a 1947.

A dazukan Najeriya da Ghana da Kamaru, injin da ya yi suna wajen tsaga katako shi ne Stihl 070. Ƙato ne, ya haura siisii 100, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ba. Tsohon yayi ne, amma masu sana'a na son sa don kowane makanike a kasuwar katako ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. Kwaikwayonsa na Sin ya cika kasuwa, da launi da lamba da komai, har sabon shiga kan biya kuɗin na asali ya tafi gida da jabu. Ƙananan injuna irin na Husqvarna na Suwidin da takwarorinsu su ne na sassabe da datse rassa da yankan itacen girki.

Mai kallo daga nesa ya ɗauka sana'ar ƙarfi ce. Akwai ƙarfi, ba musu. Sai dai a ganina abin da ke raba ofareta na ƙwarai da ɗan koyo bai wuce abu uku ba: gwangwanin awon mai, magagari, da kunne.

A fara da mai, domin nan ne injuna suka fi mutuwa. Zarton inji ba shi da tankin baƙin mai irin na mota. Tsarinsa irin na ƙaramin janaretan nan ne da ake gauraya wa fetur da mai: man da aka zuba cikin fetur shi kaɗai ke shafe fistin da ringi da boris. Masu ƙera injin sun ce in an samu man gauraye na ainihi, kashi 1 cikin 50 ya isa, wato mililita 100 ga lita 5 ta fetur. Tsofaffin injuna, ko in man ba mai inganci ba ne, ana ninka shi ya zama mililita 200. Ana gaurayawa ne a jarka mai tsabta, a fara zuba man, a bi da fetur, a girgiza. Abin da ake gani a daji daban ne. Yaro ya ɗauko murfin galan ya kimanta da ido, man kuma ba a san asalinsa ba, feturin daga kwalbar ɗan bumburutu da ruwa a gindinta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙwauron ya ƙaru: a rage mai, a yi ta lallaɓa tsohon gauraye da ya kwana wata biyu a jarka, alhali bai kamata ya wuce wata guda ba. Ranar da fistin ya kama, kuɗin da za a kashe a kan silinda da fistin ya ninka abin da aka tsimi sau da yawa. Araha ba ta ado.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Kusan kowa a nan ƙonannen baƙin man mota yake ɗurawa, wanda ake saya a gareji. Yana aiki, shi ya sa ba a daina ba, amma yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe mai cinye famfon mai da hanyar sarƙa, ga shi yana fantsama a fuska da tufafi yini guda. Gwajin ko mai na isa sarƙa ba shi da wuya: a nuna bakin injin ga sabon kututture ba tare da ya taɓa ba, a ba shi wuta, in layin mai ya fito a jikin itacen to lafiya. In bai fito ba a kashe, a kwance, a sakace ramin mai da kwarin da sarƙa ke bi.

Magagari kuwa shi ne rabin sana'ar. Sarƙa mai kaifi ita ke jan kanta cikin itace, tana watso ɓarɓashi manya-manya. Dakusasshiya gari take fitarwa kamar ƙura, sai an danna, injin na kuka, fetur na tafiya, hannu na gajiya. Ofareta na gari ba ya jiran haka. Duk cika tanki sai ya zauna ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, shafa biyu ko uku, daga ciki zuwa waje, kowanne adadi ɗaya. Kowace sarƙa da kaurin magagarinta, babbar sarƙar 070 na milimita 5.5 take so. Haƙorin datsa itace a gicciye ana wasa shi a karkace digiri 30, na tsaga falanki a tsawo kuma ana rage karkatar zuwa wajen digiri 10 don fuskar katako ta fito sumul. In haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, yanka zai riƙa zamewa gefe, falanki ya fito a karkace, dillali ya rage kuɗi.

Gaban kowane haƙori akwai ɗan tudun ƙarfe mai ƙayyade zurfin cizo. Ana rage shi kaɗan-kaɗan yayin da haƙori ke cinyewa, tazarar bai kamata ta kai milimita guda ba. Wasu samari kan goge shi sosai wai don inji ya yi ci. Yana yin ci, yana kuma fizga da girgiza, ranar da ya yi tutsu ba ya sallama.

Itatuwanmu ma ba sa tausayin sarƙa. Ƙirya da marke tauri gare su. Bishiyar da gara ta yi wa gini a jiki cike take da yashi, shafa ɗaya ta dakusar da wasin da aka ɓata lokaci a kai, don haka ake fara kankare ɓawon da adda. Bishiyar cikin gari ta fi kowacce mugunta, domin a cikinta akwai ƙusoshin da aka kafa shekara da shekaru don rataye allon talla ko igiyar shanya, itace ya haɗiye su.

Sai kunne. Yaron da ya zo koyo yakan shafe watanni yana ɗaukar jarka da weji, yana share garin katako, yana riƙe igiyar da ake tsomawa a baƙin mai a buga layi a kan gungume, kafin a bar shi ya ja igiyar tayarwa. A wannan zaman ne yake koyon muryar inji. Ranar da ya ƙi tashi, maigidan ba ya karɓa, daga inda yake zaune yake tambaya.

"Kai yaro, sau nawa ka ja da cok a rufe?"

"Oga, na ja da yawa."

"To ka shaƙe shi da mai. Kwance fulogi ka gani."

Fulogi zai fito jiƙe sharkaf. A goge shi, a buɗe cok, a ja igiya sau da dama ramin a buɗe don man ya fita, a mayar. Fulogin nan shi ne mai ba da labarin cikin inji: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya, baƙi da kunkunniya mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, fari fat kuma inji na yunwar mai, yana dab da ƙonewa. Tazarar bakinsa rabin milimita ce. In an jingina shi da jikin inji aka ja igiya ba a ga tartsatsi ba, a canza shi tukuna kafin a zargi kwayil, don sau da yawa laifin na ƙaramin abu ne. In igiya ta zo da sauƙi babu turjiya, ringi ya cinye ko silinda ta karce, wannan kuma aikin makanike ne.

Injin da ke tashi amma ya mutu da an ba shi wuta, mai ne ba ya isa. A duba 'yar matatar da ke lilo a cikin tanki, a duba tiyon mai ko ya tsage, a duba hudar numfashin tanki, daga nan a je ga robar cikin kafireta da kan bushe ta sandare. A lokacin hunturu matatar iska na bukatar wanki kullum, haka ma tsagogin jikin silinda da iska ke bi tana sanyaya shi. Sarƙar da ke gudu alhali ba a taɓa wuta ba, ko silo ya yi sama, ko sifirin na kuloci ya karye, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Kowanne ne, ba a aiki da shi a haka.

A jikin kafireta akwai sukurori masu alamar L da H. Na H shi ke ƙayyade mai a babban gudu, kuma shi ne tarkon masu ƙaramin sani. In aka matse shi, inji zai yi wata siririyar ƙara mai daɗin ji, ya rage shan mai, mai shi ya yi ta murna. Amma rage fetur rage man shafawa ne, tunda tare suke tafiya. Tsofaffin hannu sun fi son su ji inji na ɗan gurnani in ba ya cikin itace, ya washe da zarar ya shiga. Haka kuma sarƙa: ta kwanta a ƙasan dogon ƙarfe ba ta reto, amma hannu ya iya jan ta. In an ɗaure ta da zafi aka tashi aiki ba a sassauta ba, tana hucewa za ta tsuke ta matsa wa sandar inji.

Haɗarin sana'ar ba a ɓoye yake ba. Sarƙa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. In saman bakin dogon ƙarfe ya taɓa reshe ko dutse, injin kan yi tsalle baya ya nufo fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Injunan zamani na da birkin sarƙa saboda haka, tsohon 070 ba shi da shi, kuma ga mutanenmu na aiki da silifas da singileti. Ƙarar ta haura desibel 100, shi ya sa wanda ya daɗe a aikin sai an ɗaga masa murya, yatsunsa kuma kan yi sanyi su mutu saboda girgiza. Wajen kayar da bishiya ana fara yanke baki a gefen da ake so ta faɗa, a koma baya a yanka, a bar wani ɓangare a tsakiya, kamar kashi 1 cikin 10 na kaurinta, shi ke riƙe ta ya bi da ita inda aka nufa. Mai gaggawar da ya yanke shi duka ya bar wa iska zaɓi. Ban da wannan akwai zuma a kogo, akwai maciji, daga baya kuma aka samu dazuka irin na Birnin Gwari da 'yan bindiga suka hana shiga.

Akwai kuma abin da ofareta ba ya son a tayar. Bishiyar da ta shekara 50 tana girma, shi cikin mintuna yake kwantar da ita, kuma sarƙarsa na mayar da kusan santimita guda gari a kowane yanka, ninkin abin da zarton masana'anta ke ci. An ga abin da ya faru da madobiya, wadda ake kira Madrid a Taraba: 'yan shekaru kaɗan na jigilarta zuwa Sin, ta garuruwa irin su Garba Chede, suka kusa share ta daga dazukan jihar. An sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji tun 1998, amma kasuwannin ƙasar ba su daina cika da shi ba, domin mai gina ɗaki biyu ba shi da kuɗin katakon masana'anta. A arewa kuma injin ya shiga hannun masu gawayi, ɗorawa da kaɗanya da a da ba a sa musu gatari sun fara tafiya. Laifin ba na ofareta ne kaɗai ba. Shi ake biya a kan falanki, riba na wurin mai inji da dillali. Amma hannunsa ne a kan wuta, kuma shi ma'aikatan gandun daji ke kamawa.

Kai mai gida da za ka kira shi ya sauke maka bishiya, ka fara neman izinin hukumar gandun daji in dokar wurinku ta tanadi haka. Ka dubi wayar lantarki, ka sa a kashe wuta in reshe ya kusance ta. Ka gaya masa inda ka san an taɓa kafa ƙusa. Ka kori yara su yi nisan da ya ninka tsawon bishiyar sau biyu. In ya zauna yana wasa sarƙa kada ka ce yana ɓata maka lokaci, in kuma ka ga ya zo ba magagari ba weji, ka ba shi kuɗin mota ka nemi wani.