Tsinken huda na hagu: ba don bahago aka yi shi ba

Duk wanda ya tsaya minti biyar a shataletalen Lamashegu ko a bakin kasuwar Aboabo ya san Tamale garin babur ne. Maza na hawa, mata na hawa har da goyo, ga yalo-yalo na jigilar mutane, ga masu ƙafa uku na dakon kaya. Shi ya sa gidaje da yawa a unguwanninmu ba ka rasa wani ɗan lungu da aka ajiye sifana da filaya da guduma, wasu ma har da injin huda na lantarki, don ba kowane ƙaramin gyara ne mutum zai tura babur gareji ba.

Akwai dai gyara guda da ke gagarar irin waɗannan lungunan: ranar da namijin noti ya karye, kansa ya biyo sifana, gindinsa ya maƙale a cikin inji. An fi ganin haka a wajen da salansa ke haɗuwa da kan inji, domin wurin kullum cikin zafi da hucewa yake, ga ruwan damina, ga tsatsa. Notin ƙarfe ne, jikin da ya shiga kuwa galibi alminiyom ne mai laushi. Kuskuren milimita biyu ya isa ya cinye zaren ramin, daga nan sai maganar sabon kan inji. Ga mai yalo-yalo da ke kai wa mai keke balas, kwana biyu a ajiye ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne tsinken huda na hagu ke da rana. Na sha ambatonsa a majalisa, kuma kusan kullum sai wani ya yi dariya ya tambaya ko na bahagwai ne. Ba laifinsa ba ne, mu da aka taso ana buge mana hannu in mun miƙa hagu cikin kwano. To amma babu ruwan tsinken da hannun mai riƙe inji. Maganar ta ɓangaren da yake juyawa ce.

Tsinken da kowa ya sani, mai murɗaɗɗen jiki, wanda wani Ba'amurke Stephen Morse ya yi wa rajista a 1863, yana yanka ne idan ya juya yadda hannun agogo ke tafiya. Nan ne kuma ɓangaren da ake ɗaure noti. Wato idan kana huda karyayyen noti da shi, kana ƙara tura shi ciki ne. Na hagu an murɗe shi akasin haka, ba ya cin ƙarfe sai an sa inji a ribas. Yana huda, yana ɗumama notin, yana girgiza tsatsar, kuma duk ƙarfinsa ɓangaren kwancewa yake bi. Sau da yawa kafin ramin ya yi nisa sai bakin tsinken ya cafke, ka ga guntun notin yana fitowa da kansa, zaren ramin lafiya lau. Asali ma ba don wannan aka ƙera shi ba. Manyan injinan masana'antu masu huda ramuka da yawa a lokaci guda ne suka buƙace shi, saboda giyar da ke cikinsu kan juya wasu bakuna dama, wasu hagu. Makanikai ne suka samo masa aiki na biyu.

Gane shi ba wuya. Tsayar da tsinken a gabanka ka dubi layukan jikinsa: in suna hawa zuwa dama, na dama ne, in suna hawa zuwa hagu, na hagu ne. Ko ka kifa shi, haka za su tsaya. Wannan dubawar na da amfani, don wanda ya ɗaura na hagu ya kunna inji gaba, zai ga tsinke na gogar ƙarfe kawai, yana zafi har bakinsa ya koma shuɗi, sai ya ce an sayar masa da jabu. Haka ma wanda ya ce bari ya yi dabara ya sa na dama a ribas. Gogawa kawai zai yi.

Yadda nake ganin ya fi dacewa a yi aikin shi ne a fara jiƙa notin da mai, a bar shi ya kwana in da hali. A share saman guntun, a buga masa alama da ƙarfe mai tsini a tsakiya cif. Wannan alamar ita ce rabin aikin, domin tsinke in ya zame alminiyom zai nufa. Sannan a zaɓi tsinken da bai kai kaurin notin ba. Notin milimita 6, cikinsa ban da zare wajen milimita 5 ne, don haka tsinke mai 3 ko 4 ya isa. Na milimita 8 kuma cikinsa bai cika 7 ba, sai a tsaya a 4 ko 5. A naɗa salatif a jikin tsinken daidai zurfin da ake so, kar a zarce a ɓula inji. A tafi a hankali, ana ɗiga mai, ana dannawa daidai wa daida, da tabarau a ido. Abu ɗaya da ake mantawa: a ribas, bakin inji irin wanda ake matsewa da hannu yana son sassautawa ya saki tsinke. Mai makulli ya fi riƙo, shi ma a matse shi ta duk ramukansa uku.

Wasu za su ce ai akwai ƙarfen cire noti da ake dunƙulawa cikin rami a murɗa. Akwai, yana kuma aiki, sai dai ni ina tsoronsa a ƙananan notin babur. An gasa shi ya yi tauri ƙwarai, ba ya lanƙwasa, karyewa yake. In ya karye a ciki, ka samu abin da tsinken gida ba zai iya hudawa ba. Ko da za a kai gare shi, ramin da za a fara yi gara a yi shi da na hagu, wataƙila a huta tun nan.

To a saya ko kar a saya? In injinka ba shi da ribas, magana ta ƙare, kar ka ɓata sidinka. In yana da shi, kuɗin farko dai na jerin tsinkayen dama ne masu kyau, don su ne na katako, na ƙofa, na kwano, na kullum. Na hagu guda uku, mai 3 da 4 da 5, sun ishi mai babur shekaru, tunda ba kullum ake taɓa su ba. A shagunan da na leƙa cikin gari na dama ne birjik, na hagu sai an tona. Mai ɗan'uwa a Kumasi ya aika Suame Magazine, ya kuma ce a duba layukan kafin a biya. In ya dakushe ka kai washi, gaya wa mai washin tun farko, don hannunsa ya saba da na dama, zai iya kashe masa baki.

Ba kowane noti yake amsawa ba. Wanda tsatsa ta haɗe shi da jikin inji, ko wanda guntunsa ya ɗan leƙo waje, mai walda ya fi dacewa da shi: ya ɗora macen noti a kai, ya liƙe, zafin waldar ya saki tsatsar, a kwance da sifana.

Sannan a tabbatar da irin zaren kafin a kunna inji, domin akwai notin da su kansu na hagu ne. Fedar hagu ta keke haka take, da murfin da ke riƙe fukafukan fanka ta tsaye, da mahaɗin tulun gas na masu walda, wanda za ka ga an yi wa notinsa tsaga a matsayin alama. Babura da yawa na Yamaha ma madubinsu na dama zaren hagu gare shi. In irin wannan ne ya karye maka, tsinken hagu ƙara ɗaure shi zai yi. Ɗauko na dama da ke cikin akwatinka, ka sa inji gaba.