Yadda aikin kashe gobara a Landan ya fita daga hannun kamfanonin inshora

A daren 2 ga Satumban 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke titin Pudding Lane a birnin Landan. Kwana huɗu tana ci, ta laƙume gidaje sama da 13,000 da majami'u 87, har da babbar majami'ar St Paul. Birnin ba shi da rundunar 'yan kwana-kwana a lokacin. Bokitan fata ne da ƙugiyoyin rushe gida a hannun mazauna unguwa, kowa na ta kansa.

'Yan kasuwa ne suka fara cike wannan giɓi, ba hukuma ba. Wajejen 1680 Nicholas Barbon ya buɗe kamfanin inshorar gobara, wasu kuma suka bi sahu. Da yake duk gidan da ya ƙone kamfani ne zai biya diyya, kowane kamfani ya ɗauki ma'aikatansa na kashe wuta, galibi matuƙan jiragen ruwa na kogin Thames. Wanda ya biya kuɗi ana liƙa masa tambarin ƙarfe a bangon gidansa. An sha faɗin cewa idan babu tambari sai su tsaya kallo, amma masana tarihi na shakkar hakan, domin wutar gidan maƙwabci ba ta tambayar wanda ya biya kafin ta tsallaka.

Rundunar farko ta hukumar birni a Birtaniya a Edinburgh aka kafa ta, cikin 1824, ƙarƙashin wani matashi mai shekara 24, James Braidwood. Shi ya horar da mutanensa su kutsa cikin gini su tarar da wuta a tushenta, maimakon watsa ruwa daga titi. A 1833 kamfanonin inshora goma na Landan suka haɗe rundunoninsu, suka ɗauko shi ya jagorance su. Mutum 80 kacal, ga birni mai mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi. Shekara guda bayan haka majalisar dokoki ta ƙone, suka kasa ceto mafi yawan ginin.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan tsari ya faru ne ranar 22 ga Yunin 1861, a rumbunan ajiyar kaya na Tooley Street da ke bakin kogi. An jibge kitse da mai da rama a wuri guda, kayan da wuta ke so. Bango ya rufto wa Braidwood ya mutu nan take, wutar kuma ta yi mako biyu kafin ta mutu murus. Asarar ta kai kimanin fam miliyan 2. Kamfanonin suka tsawwala kuɗin inshora, 'yan kasuwa suka koka, daga nan kamfanonin suka sanar da gwamnati cewa ba za su ci gaba da ɗaukar nauyin kare birnin duka ba.

Majalisa ta zartar da doka a 1865, kuma ranar 1 ga Janairun 1866 rundunar hukuma ta fara aiki ƙarƙashin Kyaftin Eyre Massey Shaw. Kuɗin gudanar da ita daga harajin mazauna birni ne da tallafin gwamnati, amma ba a sallami kamfanonin inshora ba: dokar ta wajabta musu ci gaba da ba da kasonsu. A 1904 rundunar ta samu sunan da take amsawa har yau, London Fire Brigade.